Gawa Mai Tafiya a Zanen Yaranmu: A Bari ko a Hana?

Ta waya zombi ya shigo Jahun, kamar yadda ya shiga Haɗeja da Kafin Hausa da sauran garuruwan fadamar nan. Yaro ya kai memorinsa shagon masu tura fina-finai, ya biya abin da ya sawwaƙa, a cika masa da fassarar Indiya da fina-finan Amurka da na Koriya, har da na gawarwakin da ke tashi suna bin masu rai su cije su. Daga fim sai wasan waya, daga nan sai hotunan littattafan labarin zane da ke yawo a WhatsApp da Facebook. Wanda Allah ya ba hannu cikin yaran kuwa ba ya tsayawa a kallo, sai ya ɗauki biro.

Na ga abin da biron ke haifarwa a bayan littafin lissafin wani ɗalibin babbar sakandare a Jahun. Ya sa rula ya raba shafin gida shida. A gidan farko wata ne ya haska wata unguwa, ga katangun ƙasa, ga darbejiya. A na biyu makara ce jingine da bangon masallaci. A na uku makarar ta faɗi. Na huɗu baƙi ƙirin ne, sai da ya kusa ƙarar da tawadarsa wajen cike shi, ba komai a ciki sai fararen idanu biyu. A na biyar da na shida abin ya fito fili: mutum ne cikin likkafani, rabin fuskarsa ta zagwanye, haƙora a waje, yana miƙa hannu zuwa ƙofar wani zaure. Yaron bai taɓa zama ajin koyon zane ba, amma ya san inda ake sa inuwa, ya san yadda ƙyalle ke naɗewa a kafaɗa.

Mutum biyu suka saɓa a kan wannan shafi, dukkansu masu ƙaunar yaron. Malaminsa na Turanci ya ce baiwa ce, a saya masa takarda da fensir. Baffansa, dattijon da ake kira wankan gawa idan an yi rasuwar namiji a unguwa, ya daɗe yana duban zanen, sannan ya ce, "Malam, wanda ke cikin likkafani ɗan wani ne, uban wani ne. Jiya muka sa irinsa a ƙasa muna roƙa masa rahama, yau kuma a mai da shi dodo?" Malamin ya ce, "Allah gafarta Malam, ƙirƙira ce kawai, ba wani mamaci ake nufi ba." Dattijon ya ce ai likkafanin ba ƙirƙira ba ne. Wannan saɓani ya wuce gida ɗaya, shi ya sa na kawo shi nan.

Kafin a yanke wa baƙo hukunci sai a san daga ina ya fito. Asalin zombi ƙasar Haiti ce, inda Faransawa suka tara bayi daga Yammaci da Tsakiyar Afirka suna noma musu rake, har bayin suka ƙwaci 'yancinsu a 1804. A camfin mutanen can, boka kan tono mamaci ya tashe shi ba hankali, ya sa shi aikin gona ba dare ba rana. Tsoron da ke ciki tsoron bawa ne, wato a ce ko mutuwa ba za ta raba ka da ubangida ba. Da sojojin Amurka suka mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, labarin ya bi su gida: William Seabrook ya buga The Magic Island a 1929, aka yi fim ɗin White Zombie a 1932. A 1968 George Romero ya fito da Night of the Living Dead, ya juya abin gaba ɗaya. Babu boka, babu ubangida, sai tarin gawarwaki masu cin naman mutane, waɗanda ba sa tsayawa sai an fasa musu kai. Wannan na Romero shi ya game duniya, shi ya iso mu.

Hujjar baffan ita ce mafi nauyi a wajen masu ƙi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gawar nasa ba zai raina ta ba. Dubi yadda muke yi da mamaci. A rufe masa ido, a miƙe gaɓoɓinsa a hankali, a yi masa wanka da ruwan magarya a bayan shamaki, mai wankan ya rufa asirin duk abin da ya gani. A sa shi cikin farin likkafani, a ɗauki makara a kafaɗa ana karɓa-karɓa, a sallace shi, a kwantar da shi ta dama yana fuskantar alƙibla, a jera itace don kada ƙasa ta zuba masa a jiki. Addini ya daidaita laifin karya ƙashin mamaci da na karya ƙashin mai rai, ya hana wulaƙanta gawa ko da ta abokin gaba ce a fagen fama. Labarin zombi kuwa a kan kishiyar wannan aka gina shi. Ƙa'idarsa ita ce gawa abokiyar gaba ce, maganinta gatari ko harsashi a ka, kuma sau da yawa gwanintar mai zanen tana fitowa ne a yadda ya nuna ruɓa: tsutsa, hanji, muƙamuƙin da ya zazzago. Masu ƙi suna tambaya, yaron da ya shekara yana kallon wannan, da wane ido zai dubi makara idan an zo wucewa da ita?

Suna ƙarawa da cewa mu nan ba mu rasa ganin gawa ba, balle mu nemo ta a takarda. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta fashe a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, ta hallaka fiye da mutum 150, aka binne da yawansu a kabari ɗaya, hotunan ƙonannun jikinsu suka yi ta yawo a wayoyi. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun ci rayuka a garuruwan bakin kogin nan. Wanda ke zaune lafiya a wata ƙasa yana iya sayen tsoro don nishaɗi, mu namu a ƙofar gida yake. Akwai kuma abin da ya fi damuna a wannan ɓangare. Zombi taro ne na masu siffar mutane da labari ya halatta a kashe su ba tambaya, ba su da suna, ba su da dangi, ba a kai su gaban alƙali. A ƙasar da aka tare mafarauta 16 'yan Kano a Uromi cikin watan Maris na 2025 aka kashe su a bainar jama'a, ba ƙaramin abu ba ne ido ya saba da ganin taron mutane a matsayin abin sara. Littafin zane bai kashe kowa a Uromi ba. Amma kafin a ɗaga wa mutum hannu sai an fara cire masa mutuntaka a zuci, kuma irin wannan labari yana iya sauƙaƙa cirewar.

Batun aƙida ya fi sauƙin warwarewa. Musulmi ya san mamaci yana barzahu, ba ya dawowa sai ranar tashi, ɗan sakandare kuma ya san bambancin labari da imani. Ƙanensa ɗan shekara bakwai da ke leƙen wayar ta bayan kafaɗarsa shi ne bai sani ba. Shi zai ƙi fita fitsari da dare, ya riƙa gudun maƙabarta maimakon ya koyi yi wa mazauna cikinta sallama da addu'a. Hukuncin zana mai rai kuwa, malamai sun daɗe da saɓawa a kansa. Akwai hadisai masu tsanani game da masu yin sura, wasu malamai sun game kowane irin zane da su. Mashahurin ra'ayi a mazhabar Malikiyya ya taƙaita haramcin ga cikakken mutum-mutumi mai inuwa, ya bar zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle a matsayin da bai kai haram ba. Wanda ya riƙi ra'ayi mai tsanani, tasa muhawarar ta ƙare a nan, kuma ta haɗa da zanen doki da na ɗan ƙwallo.

Shi ma malamin ba hannu rabbana ya zo ba. Hujjarsa ta farko ita ce tsoratarwa cikin labari tamu ce tun kaka da kakanni. Da dare a tsakar gida aka ba mu tatsuniyar Dodo mai haɗiye mutane, da ta budurwar da ta raina samarin garinsu ta bi kyakkyawan baƙo, ashe ba mutum ba ne. Yaran bakin ruwa, daga Harbo har Haɗeja, sun tashi da gargaɗin 'yan ruwa, kuma gargaɗin ya hana da yawansu faɗa wa gurbi mai zurfi idan kogi ya kawo. Rubutaccen adabinmu ma haka yake. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, da suka fito daga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933, cike suke da aljanu, a zamaninmu kuma Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun tara masu karatu da labaran matsafa da aljanu da abubuwan firgici. Tsoron da ke da farko da ƙarshe, wanda za ka rufe littafi ka fita daga cikinsa, yana koya wa yaro riƙe zuciyarsa.

Ta biyu, ya ce masu ƙi suna hukunta abin da ba su karanta ba. Ga littafin labarin zane The Walking Dead, wanda Robert Kirkman ya rubuta, kamfanin Image Comics ya buga daga 2003 zuwa 2019, fitowa 193. A fitowar farko, wadda Tony Moore ya zana, ɗan sanda Rick Grimes ya farfaɗo daga doguwar suma a asibiti ya tarar duniya ta kife. A gefen hanya ya ga wata gawa kwance kusa da keke, ta bushe har ƙasusuwa sun bayyana, tana motsi amma ta kasa tashi. Moore ya sa hawaye a idon Rick. Ya ɗauki keken ya tafi, amma a ƙarshen fitowar ya dawo takanas ya kawo ƙarshen wahalarta. Tausayi ne ya cika wannan shafi. Idan labarin ya yi nisa kuma, gawarwakin sukan koma gefe, masu rai su zama abin tsoro: wa zai raba abinci, wa zai shugabanci jama'a, wa za a buɗe wa ƙofa, yaya za a yi da ɗan'uwan da aka ciza. Duk wanda ya kwana a ajin firamaren da aka mai da sansanin waɗanda ambaliya ta kora, ya ga yadda ake rabon buhun shinkafa, ya san tambayoyin nan tun kafin ya gan su a littafi.

'Yan Afirka ma sun sa wannan siffa ta yi musu aiki. Fela Kuti ya sa wa faifansa na 1976 suna Zombie, yana nufin sojan da ke bin umarni ba tunani, Lemi Ghariokwu ya tsara bangon faifan, a Fabrairun 1977 kuma sojoji suka ƙona gidansa na Kalakuta a Legas. A 2014 C.J. Obasi ya yi fim ɗin Ojuju, inda cutar ta ɓulla daga gurɓataccen ruwan sha a wata unguwar talakawa ta Legas. Mu da muka ga kwalarar 2021, wadda aka ƙiyasta ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 3,000, Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, mun san cutar da ke bin ruwa gida-gida. Hatta hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga littafin zanen zombi a 2011 don koya wa jama'a tanadin ruwa da magani da abinci kafin bala'i ya sauka.

Ta uku ita ce sana'ar kanta, kuma a nan na fi jin malamin. Zanen tsoro makaranta ce mai wuya. Ba ka da kiɗa, ba ka da ƙara, ba ka da motsi, abin da ke hannunka baƙi ne da fari, da girman gida, da lokacin da mai karatu zai juya shafi. Charlie Adlard, wanda ya karɓi The Walking Dead daga fitowa ta 7 har ƙarshe, da baƙi da fari ya yi aikinsa, Cliff Rathburn yana ƙara masa ruwan toka. Adlard kan shafe rabin fuska da baƙar tawada ya bar mai karatu ya ƙarasa sauran a zuciyarsa. Yakan jera gidaje ba kalma ko ɗaya, sannan ya ajiye abin firgicin a shafin da sai ka juya za ka gani. Kafin ka zana jikin da ya lalace sai ka san lafiyayye, inda haƙarƙari ke zama, yadda gwiwa ke lanƙwasa, yadda nauyi ke komawa ƙafa ɗaya. Wanda ya iya wannan zai iya zana littafin firamare, da fostar rigakafi, da tallar kamfani, da katun na jarida irin wanda Mustapha Bulama ya yi suna da shi a Daily Trust. A Legas, kamfanin Comic Republic da Jide Martin ya kafa a 2013 da irin wannan hannu yake cin abinci. Jarin sana'ar a farko biro ne da takarda. A yankin da samari ke ficewa ci-rani da zarar an kai amfanin gona gida, ba daidai ba ne a ga irin wannan hannu a ce masa ya ajiye alƙalami.

Idan aka ce a hana da ƙarfin hukuma, an riga an gwada. A farkon shekarun 1950 kamfanin EC Comics na William Gaines ya cika kasuwar Amurka da Tales from the Crypt da 'yan'uwansa, Graham Ingels yana zana gawarwakin da ke fitowa daga kabari su ɗauki fansa a kan waɗanda suka zalunce su. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya buga Seduction of the Innocent, ya ɗora wa irin waɗannan littattafai laifin lalacewar yara. Wani kwamitin Majalisar Dattawa ya yi zama, masu buga littattafan suka kafa wa kansu hukumar tacewa wadda ta haramta gawa mai tafiya ɗungurungum. EC ya rufe littattafan tsoronsa, masu zane da yawa suka rasa abin yi. Amma a 1973 Marvel ya fito da Tales of the Zombie a siffar mujalla, wadda ƙa'idar ba ta shafa ba, a 2012 kuma wata mai bincike, Carol Tilley, ta duba takardun Wertham ta nuna ya sassauya bayanan yaran da ya kafa hujja da su. Mu ma a 2007 an ƙona littattafan hikayoyin Hausa a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, yau ga marubuta da masu karatu sun koma WhatsApp da Wattpad, inda ba mai tacewa. Abin da ke shigowa cikin memori babu jami'in da zai tare shi a hanya.

Duk da haka ban bi malamin har ƙarshe ba. Littafin da yake karewa ba shi ne a hannun yaranmu ba. Kaɗan ne a Jahun za su zauna su karanta fitowa 193 da Turanci, su ga hawayen Rick da rikicin rabon abinci. Abin da ke isowa wayoyinsu hotuna ne da aka tsinko daga cikin labari, kuma waɗanda suka fi muni su ake tsinkowa, irin bangayen da Arthur Suydam ya zana wa Marvel Zombies a 2005, inda ya ɗauki sanannun jarumai ya ruɓar da su. Gwaninta ce babu shakka, amma idan an cire labarin ba abin da ya rage sai ƙyama, ita yaro zai kwaikwaya yana zaton ita ce zanen tsoro. Kuma zombin Amurka da rigar ofis ko ta asibiti yake yawo. Da yaronmu ya so ya mai da shi ɗan gida, sai hannunsa ya faɗa kan abin da ya fi komai alfarma a unguwa. A nan baffan ya fi malamin gani, domin mai karatun Jahun ba zai dubi wannan farin ƙyalle bai tuna wani nasa ba. Labarin ma ba ya bukatarsa. A cikin gidaje shidan nan, na huɗu, baƙin da ba a nuna komai ba, shi ya fi razanarwa, shi ya fi nuna gwani.

Shawarar da ke zuwa bakin kowa ita ce yaranmu su zana namu abubuwan tsoro. Na yarda, kuma tana da tushe: ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, dabarar Turawa suka koya suka zuba mata kayan gida. Sai dai akwai tarko a hanyar. Wanda ya tashi neman dodon gida zai fara cin karo da maye, kuma maita ba kamar zombi ba ce. Ba wanda zai fita da sanda neman zombi a Aujara, amma mutane da yawa sun yarda da kamun kurwa, kuma mun san a kan wa zargin ke faɗawa: tsohuwar da ba ta da kowa, talakan da ba shi da mai tsaya masa. An doki irinsu, an kore su daga gari, an kashe wasu. Labarin zanen da zai nuna maƙwabciya tsohuwa tana lashe kurwar jariri ya fi na gawa mai tafiya haɗari a ƙasar nan nesa ba kusa ba. Abubuwan tsoron da ba su nuna wani mai rai da yatsa suna nan jingim: Dodo, 'yan ruwa, masuncin da kacala ta rufe masa hanya magariba ta yi masa a tsakiyar ruwa, ƙarar ruwan da ya fasa jinga tsakar dare, rijiyar da kowa ya sha daga cikinta jiya.

Hukuncina shi ne kada a hana da doka, kada a yaga littafin yaro, kada kuma a bar ƙanana da waɗannan hotuna. Uba ko malamin da ya ga irin wannan zane ya zauna da mai shi, ya tambaye shi labarin, ya gaya masa dalilin da ya sa alfarmar mamaci ba abin wasa ba ce, sannan ya saya masa takarda. Ina kuma kira ga hukumomin ilimi na Jihar Jigawa, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da Kwalejin Ilimi ta Gumel, da ƙungiyoyin marubutan jihar, su sa gasar labarin zane da Hausa ga ɗaliban sakandare, a yarda da labarin tsoro a cikinta, a sa sharaɗin mutunta gawa da barin zargin maita, malaman zane da na addini su zauna tare a teburin alƙalanci, a buga waɗanda suka yi nasara a raba wa makarantu. Littattafan da gasar 1933 ta haifar har yau ana karanta su a azuzuwanmu. Masu zanenmu ma a buɗe musu irin wannan ƙofa.